Dajin Tambaya a Cikin Kasko

Duk Tambuwal ba wanda bai san gyaɗar Tambaya ba, kuma ba wanda bai san bakinta ba. Ranar da aka yi bikin samun mulkin kai, da 'yan makaranta suka cika gari da 'yan tutocinsu, ta yi ta suya har hayaƙi ya mai da idonta ja, kuma kafin la'asar ta sayar tas. Ba a yi nisa da bikin nan ba, ana tsakiyar kaka, ta sunkuya za ta ɗauki taɓarya, sai ta faɗi a gindin turmi. Da ta farfaɗo, ɓarin jikinta na hagu ya tafi, hannu da ƙafa. Bakin dai Allah ya bar mata abinta.

Mijinta Ɗangiwa manomi ne, tsohon soja. Ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ya dawo da igiya biyu, shi ya sa take kiransa Kofur, tunda ba ta faɗin sunansa. Mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa. In ka tsaya a bakin gonarsa kana hango ƙarshen kowane layi, ba wanda ya karkace. A ƙofar masallaci ma in ya ga takalmin wani ya juya, sai ya sa ƙafa ya gyara shi kafin ya shiga. Ya yi wa matarsa duk abin da ake yi, daga malamin disfensare har rubutu da ƙahon wanzami. 'Yarsu Madina ta baro ɗakin mijinta a Sanyinna ta zo jinya. Jiki dai bai dawo ba.

Tambaya 'yar Fakku ce, can ƙasar Kebbe, gidan masu noma da kiwo. A bayan garinsu akwai wani ɗan kurmi inda take kai maruƙa tana yarinya, kuma tun da ta kwanta ba ta da zance sai nasa. Wata safiya Ɗangiwa ya shigo gaishe ta, ta ce:

"Kofur, ka kai ni gida in ga dajinmu."

"In kin ji sauƙi, 'yar Fakku."

"Kai ma ka san ba gaskiya kaka faɗi ba. Ni ba mutane nika son gani ba. Mutane suna da ƙafa, mai so na shi zo. Itace na ba ya zuwa."

To, ya gwada, kada wani ya ce bai gwada ba. Ya roƙi direban wata motar auduga, aka shimfiɗa mata katifa a kan buhuna, aka ɗora ta. Motar ba ta gama fita gari ba, girgiza ta sa ta suma, aka sauko da ita ana salati. Daga ranar nan ta juya fuskarta ga bango. Madina ta dama fura ta ƙi, ta yi tuwo ta ƙi, sai ɗan ruwa da loma ɗaya don a ƙyale ta. Bakin nan da ya dami unguwa ya yi shiru, kuma wallahi shirun ya fi ciwon tayar wa Ɗangiwa da hankali. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji a Bama ba.

Ana cikin haka ƙaninta Bube ya zo dubiya daga Fakku. Da ya fito daga ɗakin, ya ja Ɗangiwa zaure, ya rage murya.

"Ko da motar ta kai ta, ba abin da za ta gani. An sare dajin, an yi gonaki. Kututture kawai ya rage."

Ɗangiwa ya ce, "Kada ka kuskura ta ji."

Bayan tafiyar Bube ne ya tuna wani abu. A can Bama, sun taɓa shiga wani gida da masu shi suka gudu, ya ga itatuwa a cikin wani faffaɗan kwano a bakin taga. Ba tsiro ba fa, itatuwa sosai, da gindi da rassa da tsufa a jikinsu, amma duk tsayinsu bai kai kamu ɗaya ba. Ya tsaya yana kallo har saje ya daka masa tsawa. Shekaru bai sake tunawa ba sai yanzu. Ya ce a ransa, in mutanen can sun iya, mai noma tun yana ɗan yaro me zai gagare shi? Ka ji mutum!

Babban kaskon suyar Tambaya yana jingine a bayan ɗaki, ya tsage a gindi, ba ya riƙe komai. Ya ɗauko shi. Ya cika shi da baƙar ƙasar fadama, ya zuba takin awaki wanda ya ruɓe sosai, ya cakuɗa. Ya bi lambun wani abokinsa da gindin itatuwa ya tono 'yan tsirrai masu lafiya, kuka da mangwaro da ɗorawa, ya zaɓi waɗanda tsayinsu ya zo ɗaya. Ya yanki kara ya yi ma'auni, ya dasa su layi-layi, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa daidai. Safe da yamma yana ban ruwa, ciyawa kuwa ko ta leƙo sai ya cire ta. Maƙwabta suka fara cewa ciwon matar ya taɓa kan Kofur.

Da suka yi kore shar, ya kira Madina suka ɗauko kaskon, suka ajiye a gaban gadon. Ya tsaya ƙiƙam, ya gyara murya.

"'Yar Fakku, juyo. Na kawo miki dajinku."

Madina ta taimaka mata ta juyo. Ta dubi kaskon, ta dubi mijinta, ta sake duban kaskon. Sai ɓarin bakinta mai lafiya ya fara rawa. Ta fashe da dariya har da tari, Madina tana bubbuga mata baya.

"Wayyo Allah, Kofur! Wagga ai gona ta. Ka jera su awa sojoji gaban Bature. Wane daji ka taɓa gani kowane itace da tsaransa? Kuma dubi ganyen mangwaron nan, ya fi itacen girma. In wanga daji na, to ganye ɗaya ya isa a rufe ɗaki."

Ɗangiwa ya ji kunya, ya kuma ji haushi, don bai saba a raina masa shuka ba. Amma ya lura da abu ɗaya. Tana cikin yi masa tsiya Madina ta miƙa mata ludayi, ta kurɓi fura sau biyu ba ta sani ba. Da dariyar ta wuce ta koma ga bangonta. Shi kuwa ya fita da kaskonsa yana ta nazarin kurɓin nan biyu.

Da ruwan farko ya sauka, Bube ya sake zuwa. Tsakaninsa da mijin yayarsa akwai wasa, kuma Bube ba ya tausayi a wasa. Ya zagaya kaskon sau biyu yana riƙe da haɓa.

"Kofur, yaushe za a yi girbi? A ajiye min dami ɗaya."

"Kai dai da ba ka san komai ba sai bin wutsiyar saniya."

"Bin wutsiyar saniya shi za shi fisshe ka yau. Ɗauko gatarinka da fartanya."

Ya kai shi bayan gari, can wani tudun marmara inda burtali ya ratsa, wurin da manomi ba ya ko kallo don ba abin da zai yi da shi. Bube ya tsuguna ya nuna masa wata tsamiya da ba ta kai gwiwa ba. Gindinta ya yi kauri kamar damtsen yaro, ɓawonta ya tsattsage, rassanta sun murɗe, ganyenta ƙanana ƙwarai.

"Wagga tsamiya ta girmi Madina," in ji Bube. "Duk ta yi tofo awaki su cinye, ga ƙasa ba abinci. Ta so ta girma, an hana ta, sai ta tsufa a haka. Irin su kaka so, ba waɗancan 'yan gatan naka ba."

Suka yini suna tono. Suka sami tsamiya manya da ƙanana, da bagaruwa, da aduwa guda, da wata 'yar kuka mai ƙaton ciki da rassa kamar yatsu. Ɗangiwa ya ga wani gawo ya so shi, amma saiwarsa ta nutse ƙasa ba iyaka, suka bar shi. Kowanne suka datse masa doguwar saiwa suka bar ƙananan, suka naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Kafin ya tafi Bube ya ce, "Ƙasar tudun nan za ka sa, da tsakuwarta. Kuma ka ji ni da kyau, ban da taki."

"Shuka ba taki?"

"Ban da taki, na ce. Na san ku manoma."

Wannan karon a ƙofar ɗakin Tambaya ya zauna zai yi dashen, inda za ta iya jin motsinsa. Da gangan ya ɗauko karan nan na awo. Bai ko kai shi ga ƙasa ba ya ji murya daga ciki.

"Madina, karɓe karan nan ki sa a murhu."

Ashe ta juyo. Aka jawo gadonta kusa da ƙofa, aka tallafe ta da matashi, ta fara ba da umarni, shi kuma tsohon Kofur yana bi.

"Babbar tsamiyar nan ita ta uwar dajin. Ba tsakiya ba! Wa ya ce maka tsakiya taka? Gaba-gaba, wajen hannun dama. Waɗancan ukun ka haɗa su, gindinsu ɗaya, 'yan'uwa muka ce musu."

"Za su matse juna."

"Su matse. Haka suke tun ban san kaina ba. Ƙananan duk ka kai su baya, mafi ƙanƙanta can bakin kaskon."

"Ai manyan za su tare su. Ƙanana a gaba aka sawa, manya a baya, kowa shi samu rana."

"Kofur, in ka tsaya a bakin daji, wane itace ya fi girma ga idonka, na kusa ko na nesa?"

Ya tattara ƙananan. Ya kai su baya.

Ranar nan hannunsa har ƙaiƙayi yake. Nan itatuwa sun cunkushe, can sun watse, wata bagaruwa ta karkace ta jingina da tsamiya, ya kai hannu zai miƙe ta aka ce ya bari. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wani fili da ta sa aka bari a gefen uwar dajin, kamar faɗin tafin hannu, ba komai a ciki. Shi a gonarsa gurbi ba ya kwana, in shuka ta mutu sai ya maye ta. Ga shi da sauran tsamiya guda a hannu, kyakkyawa.

"Wagga fa? Ga wuri nan."

"Bar wurin nan."

"Don mi?"

"Don na ce."

Ya dasa tsamiyar a wani fasasshen tulu yana gunaguni.

Itatuwan suka zubar da ganye, suka tsaya tsirara, har ya fid da rai. Aduwar ta mutu, da ƙaramar bagaruwa ɗaya. Sauran, da damina ta kankama, suka fara fid da ɗan tofo. Kullum da hantsi ake shigo da kaskon ta gani, sannan a mayar da shi waje ya sha rana. Cin abincinta bai koma daidai ba, amma in dai kasko yana gabanta tana faɗa, Madina takan samu ta zura mata ludayi uku ko huɗu. In aka fita da shi sai bango.

Sai halin manomi ya motsa. Ɗangiwa ya dubi 'yan itatuwan nan a cikin tsakuwa, ganye ɗan mitsitsi, ya ji tausayinsu ya kama shi. Gani yake kamar ya tara marayu yana hana su abinci. Wata rana da Madina ta tafi rijiya, ya ɗebo takin awaki cikin tafin hannu, ya murje, ya tura ƙarƙashin tsakuwa, ya share wurin. Ba a jima ba itatuwa suka yi murna. Rassa suka miƙe zar-zar, 'yar kukar nan ta fid da ganye mai faɗi, har ta rufe 'yan'uwan nan uku. Shi har daɗi ya ji.

Tambaya ta dubi kaskon, ta ce a matso da shi. Ta tsoma yatsa a ƙasar ta shinshina.

"Kofur."

"Na'am."

"Ka ba su taki."

"Ɗan kaɗan na. Yunwa suka ji."

"Kai ka ga yunwa a wurin itace, ka mayar min da daji lambu! Jiya ina ganin kuka, yau ina ganin miyar kuka. Kwashe shi."

Ya kwashe yana cewa ita ma ai da za ta ci abinci da bai huce a kan itace ba. Ta yi kamar ba ta ji ba. Daga nan ta karɓi aikin awaki da kanta. A ɗora kaskon a kan juyayyen turmi a gefen gado, ta sa farcen hannunta mai lafiya tana tsinke kan kowane sabon tofo, manyan ganye kuma ta cire su ɗaya bayan ɗaya. In reshe ya fi ƙarfin farce sai ta nuna, shi ya sa aska. Ganyen da ya sake fitowa ya fito ƙanana. Madina ta lura hannun da ke wannan aiki yana gajiya, kuma in ya gaji mai shi takan karɓi ɗan abin da aka miƙa mata.

Bayan itatuwa sai sauran kayan daji. Ta ce akwai hanyar shanu da ta ratsa ta gefen uwar dajin ta ɓace a baya. Ya ɗebo yashi ya zuba ta miƙe sambal, faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe.

"Wagga hanyar mota ta. Saniya ba ta tafiya haka. Ta lanƙwasa, kuma tana nisa tana tsukewa. Yashin nan ma kowace ƙwaya ta kai tulu. A tankaɗe shi."

Madina ta tankaɗe yashi da rariyar gari, tana dariya tana cewa in aka ji a Sanyinna ta shiga uku. Ciyawa ma haka aka yi. Ta gaske ta fi 'yan itatuwan baya tsayi, sai ya kankaro gansakuka daga jikin rijiya ya shimfiɗa a inuwa. Ta ce akwai dutse inda suke fasa aduwa, ya kawo wani kamar dunƙulen hannu, ta ce wannan in an sa shi ya zama tsauni, kuma Fakku ba ta san da shi ba. Aka ƙare a kan wata tsakuwa da ba ta fi ƙwayar gurjiya ba.

Don ya faranta mata, ya zauna ya gina saniya da laka, irin wadda yara suke yi, da tozo da ƙaho. Ya gasa ta a murhu, ya ajiye a kan hanyar. Wallahi saniyar ta yi kyau. Amma tana sauka a cikin kaskon, itatuwan nan duk suka koma ciyayi, don tozonta ya kai reshen uwar dajin.

"Dabba mai ƙafa fuɗu ta kai tsamiya tsawo? Fitar da ita kada ta cinye min daji," in ji Tambaya. Ta karɓi saniyar dai, ta tura ta ƙarƙashin matashinta.

Kaka ta zagayo, shekara guda da faɗuwarta. Aiki ya ƙare, ba abin da ya rage a ƙara ko a rage. Ita takan daɗe tana kallon kaskon. Shi kuwa Ɗangiwa abin yana damunsa, don ko ya tsaya a kansa ya duba ta gabas ya duba ta yamma, ba ya ganin komai sai 'yan itace a hargitse cikin tsohon kasko, ga gurbi a gefe. Ya fara zargin lallashinsa kawai take yi, don ta ga ya wahala. Ga kuma maganar Bube tana nan a ƙirjinsa. Abinci dai har yanzu sai an yi dabara, ba ta taɓa buɗe baki ta nema ba.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, haskenta ya shigo ta ƙofa, an sauko da ita kan tabarma don a gyara gado. Kaskon yana ƙasa a gabanta. Ya tsaya a kanta da hannu a baya, ya kasa haƙuri.

"'Yar Fakku, ki gaya min gaskiya. Ni ban ga daji ba."

"Ina za ka gan shi kana tsaye a kansa awa shaho? Kwanta."

"In yi mi?"

"Kwanta nan kusa da ni. Ka sa kuncinka a tabarma."

"Haba, da rana tsaka? Madina tana tsakar gida."

"Madina ta san ubanta yana da haƙarƙari. Kwanta, Kofur."

Ya leƙa waje, ya cire hula, ya durƙusa gwiwoyinsa suna ƙara. Ya miƙe a gefenta, ya sa kunci a tabarma, idonsa ya zo daidai da bakin kaskon.

Sai ya ga daji. Uwar dajin ta tashi a gabansa, ƙatuwa, rassanta sun yi masa rumfa. Bayanta 'yan'uwan nan uku, bayansu kuka, sannan itatuwa suna ta ja da baya suna ƙanƙancewa har inda ido ya gaza. Hanyar shanu ta lanƙwasa ta shige inuwa, kuma ya rantse in ya bi ta zai yi tafiya mai nisa kafin ya fita. Hasken ƙofa ya ratso ta cikin ganye ya sauka a kan filin nan da ta hana shi cikewa. Bai san sanda ya ce "La'ilaha illallahu" ba.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ka gane wurin?"

Ya ƙura ido. Ta miƙa yatsa ta nuna filin.

"Nan nika zama in maruƙa sun kwanta. Wata rana sai ga wani saurayi da jaki, ya zo sayen ɗan bijimi ya ɓata hanya. Ya tsaya nan, daidai nan, ya tambaye ni hanyar gari. Na nuna masa. Ya tafi, ya dawo, ya ce bai gane ba. Hanya ɗaya tal a dajin, Kofur."

"Ta lanƙwasa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta lanƙwasa, lalle."

Suka ci gaba da kallo. Daga tsakar gida ana jin Madina tana sheƙe gero. Can Tambaya ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Ka ce wa Bube shi bar sunkuyar da kai in ya shigo gaishe ni. Na san an sare dajin."

Ɗangiwa ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Bube ni na goye shi. Na tambaye shi ko tsamiyarmu ta yi 'ya'ya bana, ya ce shanu lafiya lau. Tun ranar nan na sani."

"Kuma kika bar ni ina ta fama?"

"To da mi za ka yi? Ka zauna kana kallo na awa wanda aka yi wa mutuwa? Gara ka yi ta tankaɗe yashi." Ta ɗan numfasa. "Wancan ya tafi. Wanga kuwa ba mai sa masa gatari, sai dai kai da takinka."

Ya so ya yi dariya, ya kasa. Ta kai hannunta mai lafiya ta dafa nasa.

"In na riga ka, kada ka cike gurbin nan. Ka ji ko? Na san halinka."

"Na ji."

"Ko ka ga tsamiya mai kyau."

"Na ce na ji."

"To madalla. Tashi ka ce wa yarinyar nan ta dama min kunun tsamiya, mai kauri, ta sa ƙuli-ƙuli a gefe. Yunwa nika ji."

Shekara guda yana jiran wannan magana. Amma bai tashi ba, don in ya tashi sai ta ga fuskarsa, kuma ya san bakinta. Daga nan kwance, kuncinsa a tabarma, ya ɗaga murya irin ta fareti ya ƙwala wa Madina kira. Ta shigo da gudu da faifai a hannu, ta ga ubanta a ƙasa ba hula, ta ce, "Innalillahi, Baba, faɗuwa ka yi?"

"Ba faɗuwa ya yi ba," in ji Tambaya. "Ɓatan hanya ya sake yi. Je ki ɗora ruwan kunu."